Wankin Kabarin Aimé

Asabar, 7 ga Oktoba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Yanzu ake binne Maxence. Ban je ba. Ina jin ƙararrawar coci daga kicin, ina fere dankali. Na ci gaba da ferewa.

Na riga na sa baƙar rigata, har na ɗaura takalmi, sai Régis ya sauko daga bene ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Mama, don Allah kada ki je." Tun ranar Talata bai haɗa kalma biyar ya faɗa mini ba sai yau. Ƙato ɗan shekara hamsin da biyu, ɗana ɗaya tilo, yana roƙona kamar yaron da ya yi fitsarin kwance. Na cire rigar.

Maxence jikan Gilberte ne. Shekararsa sha tara. Ni da Gilberte rana ɗaya aka ɗauke mu aiki a kamfanin sukari muna 'yan sha huɗu, teburi ɗaya, muna cusa sukari a kwali. Ita ta riƙe mini fure ranar aurena. Ni na rufe wa mijinta ido. Ba a taɓa mutuwa a danginta ba ban gasa kek ɗin sukari an ci da gahawa bayan an dawo daga maƙabarta ba. Jiya na gasa biyu. Hannuna ne ya yi, ni ban ma yi tunani ba. Na ba maƙwabcina Désiré ya kai.

Asabar ɗin dai, ƙarfe huɗu

Désiré ya dawo da kek. Ko ƙullin tsumman ba a kwance ba.

Ya ce, "Fernande, an ce an gode, abinci ya yi yawa."

Na ce, "Wa ya ce? Gilberte ko 'yarta?"

"An dai ce. Ni ɗan aike ne. Shekara talatin ina raba wasiƙu a garin nan ban taɓa sa ido a abin mutane ba."

"Ƙarya kake, Désiré. Kai ka riga uwar yarinyar mahauci sanin tana da ciki."

Bai yi dariya ba. Ya tsaya yana kallon kek ɗin, can ya ce in dai zubarwa zan yi. Na ba shi ɗaya. Ɗayan yana kan teburi.

Litinin, 9 ga wata, da hantsi

Na je sayen burodi. Gidan burodi ɗaya ne ya rage mana, a da huɗu ne. Kemis ɗaya, likita ɗaya, shi ma rabin mako. Da a babban birni ne sai in tsallaka titi in saya a wani wurin da ba a san fuskata ba. A nan in ban saya wurin Maryse ba sai in ci iska.

Mata uku ne a ciki suna ta surutu, ina tura ƙofa suka yi tsit. Ɗaya ta ja baya ta ce, "Wuce gaba, Madam Pirlot." Madam Pirlot. Yarinyar da na sha goge wa majina. Duk garin nan Fernande ake ce mini tun kafin a yi wa titin nan kwalta. Maryse ta naɗe burodin da kyau, ta ninke bakin takardar, ta ce, "A huta lafiya, Madam." Babu wanda ya zage ni. Da sun zage ni da na san abin da zan ce.

Talata, 10 ga wata, bayan abincin rana

Régis bai ci ba.

Laraba, da yamma

Lokacin haƙar dankalin da ake yin sukari da shi ne, manyan motoci na wucewa ta ƙofar gidana tun asuba zuwa kamfani, tagogi na karkarwa. Kowace shekara haka ne, ban taɓa ji ba ma. Bana ina jin kowace. In ɗaya ta taka birki a kwana sai in ji Régis ya tashi a sama ya ƙara muryar rediyo.

Ya bar ɗakinsa na dandalin kasuwa ya dawo nan, ɗakin da ya kwana yana yaro. Ƙafafunsa sun fi gadon tsawo. An karɓe masa lasisi sai an shiga kotu.

Kowa ya san kwanar kamfanin, inda motar Régis ta buge Maxence. Kowa ya san laka da motocin ke zubarwa a wurin, da yadda duhu ke saurin yi yanzu. An ce babur ɗin yaron ba shi da fitilar baya. An kuma ce an ga motar Régis a ƙofar mashaya da tsakar rana. Ban tambaye shi ba. Shekara ashirin da wani abu yana tuƙi ko kare bai taɓa takawa ba. Ban tambaye shi ba.

Juma'a, 13 ga wata, da safe

Na wanke ƙofar gida kamar kowace Juma'a. Duk layin an fito da bokiti. Kowa ya sunkuya yana kallon tsintsiyarsa kamar yau aka ƙirƙiro ta.

Na jefar da kek ɗin. Ya yi fumfuna.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe biyu

Ban je coci ba. Benci ɗaya muke zama da Gilberte, na uku ta hagu. In na zauna a can laifi ne. In na koma baya kuma an ce na san muna da laifi.

Abin da ke cina shi ne kabarin mijina Aimé. Ɗaya ga Nuwamba ta kusa, ranar da duk gari ke fita maƙabarta da tukwanen fure, kowa ya gaida nasa ya kuma duba na wasu. Kafin ranar dole a wanke dutse ya yi fes. Kabarin da aka bari da gansakuka har Kirsimeti ana maganarsa. Ni ma na yi maganar na wasu, ba zan ɓoye ba.

Tun da Aimé ya mutu tare muke wankewa ni da Gilberte, makon ƙarshe na Oktoba. Ita gwiwoyinta ba sa lanƙwasuwa, ni kuma ƙuguna ba ya ɗaukar bokiti. Sai ita ta ɗebo ruwa daga famfo, ni in durƙusa da buroshi in goge na mijina in goge na mijinta. Kaburburan a manne suke. Mu muka zaɓi wurin da gangan, wai don mu ci gaba da gulma a ƙarƙashin ƙasa. Mun yi dariya ranar.

A nan aka sa yaron, kusa da kakansa. Taku ɗaya daga kan Aimé.

Talata, 17 ga wata, da azahar

Na je maƙabarta lokacin da kowa ke cin abinci. Na leƙa ta ƙofar ƙarfe. Carine tana can, 'yar Gilberte, uwar yaron, zaune a ƙasa cikin rigar aikinta. Na juyo.

A hanya na haɗu da Fada na cocinmu a kan kekensa. Ya ce yana yi mana addu'a. Ya faɗa ne yana tafiya, bai sauke ƙafa ba.

Alhamis, 19 ga wata, da safe

Lauya ya kira. Sun daɗe a waya da Régis. Da ya ajiye na ce me ya ce. Ya ce, "Sai bazara." Na ce sai bazara me. Ya hau sama.

Na yi masa ƙwallon nama da miyar da yake so. Ya ci ɗaya da rabi. Na zauna ina kallon ƙeyarsa. Gashinsa ya zube a daidai inda na ubansa ya zube.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe ɗaya

Yau na shiga maƙabartar. Ba kowa.

Furannin yaron sun yi yawa har sun zubo kan Aimé. Wani babban zagayen fure daga abokan makarantarsa ya rufe sunan mijina gaba ɗaya, shekarar mutuwarsa kawai ake gani. Akwai hular babur, akwai kyandirori, akwai hotonsa yana dariya da wannan haƙorin nasa da ya karkace. A kicin ɗina ya karya shi yana ɗan shekara bakwai, ya faɗo daga kan kujera garin satar sukari.

Na miƙa hannu zan matsar da furen kaɗan. Na fasa. Akwai gidaje a bayan katanga, kuma kowace taga tana da tsohuwa. Kafin in iso gida an ce uwar Régis ta watsar da furannin mamaci.

Dutsen ya yi kore ta gefen arewa. Na ce wa Aimé ya yi haƙuri. Shi dama bai damu da wanka ba ko da ransa.

Lahadi, da yamma

Régis ya ga na fito da buroshi da sabulu na ajiye a bakin ƙofa.

Ya ce, "Ni zan ɗebo miki ruwan, Mama. Kabarin ubana ne."

Na ce, "Bar shi."

"Mu je da sassafe, kafin mutane su fito."

"A garin nan akwai lokacin da mutane ba su fito ba? Désiré tun ƙarfe biyar yana bayan labule."

"To ya gani. Bokiti zan ɗauka, ba wani abu ba."

"Na ce ka bar shi. Sanyi ake yi, ga tarin nan naka."

Ya dube ni. Ya ce, "Ba na tari, Mama."

Na shiga kicin na ɗora ruwa a wuta.

Litinin, 23 ga wata, da safe

An zuba laka a ƙofar gida. Ba mai yawa ba. Wataƙila daga mota ta faɗo. Mota dai ba ta hawa matakala uku.

Na wanke kafin ya sauko.

Talata, 24 ga wata, ƙarfe uku

Na ga Gilberte.

Na ɗauki ƙaramar butar shayi na ce ko sau nawa ne zan yi ta zirga-zirga da ita. Famfo ɗaya ne a maƙabartar, kusa da ƙofa. Ina tsaye ina tara ruwa sai na ji takunta a kan tsakuwa. Ko a cikin mutum ɗari na san takun nan, tana jan ƙafar hagu.

Ta tsaya a bayana da bokitinta kamar muna layi. Ta rame. Gashinta ba a gyara ba, Gilberte da ko shara za ta fitar sai ta shafa jan baki.

Ta ce, "Da butar shayi za ki wanke shi?"

Na ce, "Da abin da na samu."

"Sai Ista ki gama."

Ruwan ya cika yana zuba a kan takalmina, ban rufe ba. Ita ta miƙa hannu ta rufe.

Na ce, "Berte, kek ɗin nan."

Ta ce, "Carine ce. Ni da na ci. Yunwa nake ji ranar, kin san ni, baƙin ciki ba ya hana ni ci. Sun kawo na Maryse, kamar kwali."

Na kusa yin dariya. Na ce mata na so zuwa. Ta ce ta sani. Ta ce gara da ban zo ba.

Sai ta ce, "Nanda, ni ba ni da faɗa da ke. Ke ba ki tuƙa komai ba. Amma Carine ta ƙofarki take bi ta tafi aiki, ta ƙofarki take dawowa, babu wata hanya, kin sani. Kullum tana ganin inuwarsa a tagar sama. Ta dawo ta kasa haɗiye ruwa. Jiya a gareji na same ta zaune cikin mota, ban san tun yaushe ba."

"Ba ya fita. Ko ƙofa ba ya leƙawa."

"Yana nan dai."

"A nan aka haife shi, Berte."

"Maxence ma a nan aka haife shi."

Na mayar da butar ɗaya hannun.

Ta ce, "Muddin yana garin nan ba zan iya taka ƙofarki ba, ba zan iya tsayawa kusa da ke a gan ni ba. 'Yata ce. Ke ma da haka za ki yi."

Na ce, "Me kike so in yi? In kore shi?"

"Ni ban ce ki yi komai ba."

Ta cika bokitinta ta wuce. Na bi ta da ido tana rangaji da shi har layinmu. Ta zuba wa furannin ruwa a tsaye. Dutsen mijinta ma ya yi kore, ba mai durƙusa mata.

Na zubar da ruwan butar a gindin famfo na dawo gida.

Laraba, 25 ga wata, da hantsi

Ban gaya wa Régis ba. Ba sai na gaya masa ba. Désiré ya tare shi ta kan shingen bayan gida yana shan taba. Na ji ta tagar kicin. "An ce jiya tsofaffin sun haɗu a famfo." Wa ya gan mu? Ba kowa a wurin sai matattu.

Alhamis, 26 ga wata, bayan abincin rana

Yau ya ci da kyau. Ya cinye, ya goge farantin da burodi. Na ji daɗi, wawuya.

Sai ya ce wani abokinsa na soja yana birnin Charleroi, yana aiki a wani babban sito, ana neman masu ɗaukar kaya. Ba tuƙi. Akwai ɗaki a saman gidan abokin.

Ya ce, "Me kika gani, Mama?"

Na ce, "Kai ne babba."

"Ke nake tambaya. In kin ce in zauna, zan zauna. Wa zai kawo miki gawayi daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa? Wa zai canza miki ƙwan fitila?"

"Da can da kake dandali wa ke yi mini?"

"Ni."

Haka ne, shi ne. Kowace Lahadi.

Ya ajiye hannuwansa a kan teburi yana jira. Manyan hannuwa, duk sun yi fari don rashin aiki. Mota ta wuce, cokula suka yi ƙara a cikin durowa.

Na ce, "Ai can ma mutane ne ke zaune."

Ya ce, "To."

Ya ɗauki farantinsa ya wanke da kansa. Bai taɓa yi ba.

Ni ban ce ya tafi ba.

Juma'a, da yamma

Na goge masa riguna shida. Na ɗinke aljihun jakarsa. Na ce ya ɗauki bargon Aimé, ya ce ya yi nauyi.

Asabar, 28 ga wata, ƙarfe goma

Ya tafi.

Jirgin ƙasa ya daina tsayawa a nan tun shekarun baya, tashar ma yanzu wurin gyaran gashin karnuka ce. Sai bas, kuma bas a dandali yake tsayawa, ranar kasuwa, tsakanin mai kaza da mai cuku. Ya ce kada in raka shi. Na tsaya a bakin layi. Ina hango shi da akwati da jaka, shi kaɗai a ƙarƙashin rumfar, mutane na kewaye shi kamar rami. Bas ya makara. Kullum yana makara. Ya tsaya a wurin duk gari na sayen albasa a hankali.

Kafin ya fita ya sumbace ni a goshi ya ce, "Ki kula da matakalar ƙasa, ta biyun ta saki."

Ya so ya ƙara wata magana. Na ga bakinsa. Na ce yi sauri kada ka rasa bas.

Asabar, ƙarfe biyar

Na cire zanen gadonsa. Na mayar.

Lahadi, 29 ga wata

An mayar da agogo baya, kamar yadda ake yi duk shekara in sanyi ya kusa. Awa ɗaya ƙari, ban san me zan yi da ita ba.

Litinin, 30 ga wata, da yamma

Da safe Maryse ta ce, "A'a, Fernande! Ya ƙugun?" Ta saka mini ɗan biredi mai zabibi a kan burodin ta ce na jiya ne, kada ya lalace. Yarinyar majina ta riƙe mini ƙofa. Na ce na gode. Da bakina na ce.

Ƙarfe biyu aka ƙwanƙwasa. Gilberte ce, da bokiti biyu, da jan baki.

Ta ce, "Ɗauko buroshinki, rana na tafiya."

Na tsaya ina kallonta. Akwai maganganu da yawa a bakina, na kwana biyu ina shirya su. Na ce bari in sa takalmi.

Mun bi ta babban titi, ba ta bayan gari ba. Ita ta zaɓa. Ta riƙe hannuna a wurin tsallakawa kamar kullum. Labule ya motsa a gidan likita, ya motsa a gidan mai kemis.

Ita da kanta ta ɗage furen daga kan sunan Aimé ta jingine shi a nasu ɓangaren. Ta ɗebo ruwa, na durƙusa. Na goge Aimé. Na goge mijinta. Sunan yaron ba a sassaƙa ba tukuna, ɗan allo ne na katako, na goge shi da tsumma a hankali. Tana tsaye a kaina tana cewa, "Kin bar wuri a can. A'a, can, ke makauniya." Na ce in ta iya ta sauko ta yi. Ta ce da ta sauko sai dai a bar ta a nan gaba ɗaya, a huta da haƙa.

Ta ba ni labarin matar ɗan'uwanta da aka cire wa mafitsara. Ta ba ni labarin sabon Fada da za a kawo. Ba ta ambaci Régis ba. Ko sau ɗaya. Kamar ban taɓa haihuwa ba.

Duwatsun sun yi fes. Sun fi na kowa a layin.

Talata, da safe

Hannuwana sun tsage. Ƙwan fitilar matakala ya mutu.

Laraba, 1 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu

Duk gari ya fito. Na sa baƙar rigata, na sayi tukunyar fure mai ruwan ɗorawa, Désiré ya ɗauka mini. An gaishe ni. Wanda ma bai saba gaishe ni ba ya gaishe ni. Matar mahauci ta ce, "Kabarin Aimé kamar a ci abinci a kai." Wata ta matse mini hannu ta ce, "Kin yi abin da ya dace, Fernande." Na ce me na yi? Ta ce, "Ke dai," ta ƙara matsewa.

Carine ta zo da mijinta. Ba ta yi mini magana ba, amma ta ɗan sunkuyar da kai. Gilberte ta taɓa ni da gwiwar hannu, wai na gani? Na gani.

Kowane kabari da iyalinsa a tsaye, 'ya'ya sun zo daga Liège, daga Brussels, da jikoki da karnuka. Aimé yana da ni da Désiré.

An dawo an sha gahawa a gidan Gilberte. Na kai kek. An cinye.

Ni ban ce ya tafi ba. Tambayata ya yi na ba shi amsa.

Juma'a, 3 ga wata

Ruwa tun safe. Na wanke ƙofar gida duk da haka.

Lahadi, 5 ga wata, ƙarfe uku

Na je coci. Benci na uku.

Régis ya kira bayan na dawo. Muryarsa kamar daga cikin rijiya. Ya ce aikin ba laifi, bayansa ne kawai. Ya ce ɗakin yana kallon layin dogo. Ya ce a can ko maƙwabcinsa bai san sunansa ba, ya je shago ya dawo ba wanda ya ɗaga kai. Ban gane ko daɗi yake ji ko kuka yake kawowa ba.

Ya ce, "An wanke kabarin Baba?"

Na ce an wanke.

"Wa ya ɗebo miki ruwa?"

Na ce Gilberte.

Can ya ce, "To madalla. Madalla, Mama." Ina jin jirgi na wucewa a bayansa, ya jira ya wuce.

Ya ce, "Sun ce za a ba mu kwana biyu da Kirsimeti. Na ce ko in zo. Bas ɗin yamma zan hau, duhu ya yi, in shigo ta lambu. Ba zan fita ba. Washegari in koma."

Ta taga ina ganin Gilberte ta ɓullo daga kwana da lema, tana jan ƙafa, ranar kartarmu ce. Ta ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Mama? Kina ji?"

Na ce, "Ina ji. Kirsimeti da saura. Mu bari tukuna mu gani."

Ya ce to.

Na ce zan ajiye, ana ƙwanƙwasa ƙofa.